Yadda Na Sa Bawa a Turu

Ku samari da kuke ganina da furfura da carbi kuna rusuna mini, ku matso ku ji ko wane ne kuke girmamawa. Sunana ba zai amfane ku da komai ba, don haka na bar shi. Ni haifaffen Tambuwal ne, ɗan manomi, kuma ban tashi da halin ɓera ba. Ubana gero da dawa yake nomawa, har ya koma ga Allah bai taɓa tsinkar zangarniyar wani ba. Abu ɗaya ya bambanta ni da 'yan'uwana. Na shiga ajin yaƙi da jahilci, kaina ya ɗauka da wuri, na iya karatu da rubutun boko a zamanin da za ka zagaye unguwa ba ka sami mutum uku da suka iya ba.

Sai na ajiye fartanya, na sami akwati da tabarma na zauna a bakin tasha ina rubuta wa mutane wasiƙa ina karanta musu. A lokacin, da an gama girbi, mazan ƙasarmu sai su watse cin rani, wasu Gwanja, wasu Ikko. Idan za su aiko gida, direban babbar mota suke ba wasiƙa da ɗan ƙunshin saƙo, shi kuwa direba ba shi da lokacin neman kowa, sai ya zube a gabana ya wuce. Mai wasiƙa ya zo, ya durƙusa, in buɗe in karanta masa. Duk abin da bakina ya faɗa, shi ne abin da takarda ta ce. Babu mai musu, don babu mai iya dubawa.

Da sabulu na fara. Wani ya aiko wa uwarsa goro da sandar sabulu, na karanta goron na haɗiye sabulun. Tsohuwar ta yi ta sa mini albarka ta tafi. Na kwana biyu gabana yana faɗuwa, da na ga shiru sai na saki jiki. Daga sabulu sai turare, daga turare sai takalmi, har na kai ga turmin atamfa. Ina zaune wuri ɗaya da fararen kaya, ana ce mini Malam, ina cin gumin mutanen da suke dako a ƙasar wasu.

Akwai wani mutumin Kebbe ana kiransa Bawa, falken hatsi ne, yana koro jakunansa duk ranar kasuwa. Ƙato ne, murya kamar ana buga gwangwani, ga saurin fushi. Ƙanensa da ke Gwanja ya aiko masa da wasiƙa da hula jar dara. Na karanta masa gaisuwa tsaf, na tsallake hular. Wautata ba ta tsaya nan ba, sai na ɗora ta a kaina, don ta yi mini kyau. Ashe direban ya gamu da Bawa a hanya ya tambaye shi ko hular ta yi masa daidai. Bawa ya kai wasiƙar wurin malamin makarantar elementare, aka sake karanta masa.

Ba a daɗe da bikin samun mulkin kai ba, 'yan tutocin takarda ma suna nan rataye a rumfuna, Bawa ya zo ya tsaya a kaina, kasuwa ta cika maƙil. Ya ce, “Malam, wagga hula da ag ga kanka, ta wa ta?” Na ce tawa ce. Ban rufe baki ba ya fizge ta, ya ɗaga ni ya maka da ƙasa. Ya kwance dabaibayin jakinsa ya ɗaure mini ƙafafu da shi, ya tashe ni tsaye, ya kora ni da tsumagiya tun daga tasha har 'yan hatsi. Ina tsalle ina faɗuwa, yana shela, “Ku zo ku ga malamin da ka cin saƙon mutane.” Masu fura suna dariya har da riƙe ciki. Waɗanda jiya suke durƙusa mini su ne suka fi kowa tofa mini yawu.

Ubana bai sake shiga kasuwa ba. Gidan da nake neman aure suka aiko mini da kayana. Yau na san laifina ne, ni na jawo, amma a lokacin ban ga laifina ko na ƙwayar gero ba. Bawa kawai nake gani. Na tsane shi tsanar da ta hana ni jin daɗin tuwo. Na yi tunanin cinna wa rumbunsa wuta, na yi tunanin zuba wa jakunansa guba a ruwa, sai dai ni matsoraci ne, shi kuwa da hannu ɗaya zai karya ni. Na yi rantsuwa a raina cewa ƙafar da ya ɗaure mini, sai na ga tasa a ɗaure, ko da zan shekara ashirin ina jira.

Mutanen gari sun daina kawo mini wasiƙa, don haka na ɗauke akwatina na koma ƙarƙashin wata ceɗiya kusa da ɗakin shan magani. Can mutanen ƙauye suke zuwa, ba su san ni ba, kuma kowa ya fito da takarda a hannu yana neman mai duba masa. Na shekara biyu a nan ina lallaɓawa.

Wata rana da hantsi sai ga wata dattijuwa ta nufo ni, tana jan wani dogon mutum da hannu. Ya rame, riga ta yi masa yawa, ƙafa babu takalmi, kansa a sunkuye. Sai da suka zauna na gane shi. Wallahi sai da na ji sanyi ya ratsa ni har tafin ƙafa, kuma sanyin daɗi ne, ba zan ɓoye muku ba.

Ta ce sunanta Ige, daga Kebbe suka taso tun jiya. Ta ce, “Wanga ƙanena na, Bawa. Matatai ta rasu wurin haihuwa da damana, jinjirin ya bi ta. Tun daga nan ya bar ci, ya bar magana. Sai shi tashi da rana tsaka shi nufi daji, wai tana kiranai. Ba shi dukan kowa, ba shi zagin kowa.” Ta ce malamin asibiti ya duba shi, ya rubuta takarda, ya ce a kai shi babban asibiti a Sakkwato. Ta kwance bakin zane ta fito da ita. Ta ce, “Malam, tsoro nika ji. An ce in anka kai irinsu birni, kulle su aka yi da ɓarayi. Don Allah gaya mani gaskiyar abin da ag ga takardar ga.”

Na buɗe na karanta a zuci. Layi kaɗan ne. Malamin asibitin yana roƙon likita ya duba mutumin nan, yana cewa ciwon rai ne ya kama shi bayan rashi, ba ya cutar da kowa, kuma yana kyautata zaton zai warke idan an fara magani da wuri.

Kafin in ce komai Bawa ya ɗago kai. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sai ya ce, da wata 'yar siririyar murya, “Yaya, wanga mutum ɓarawo na. Kak ki yarda da shi.” Amma Ige ta dafa kafaɗarsa, ta juyo tana ba ni haƙuri. Ta ce, “Yi haƙuri Malam, ciwon na. Bai san abin da shika faɗi ba.” Duk wurin nan shi kaɗai ya faɗi gaskiya, kuma 'yar'uwarsa da ta fi kowa sonsa ita ta ƙaryata shi. A nan na gane cewa duk abin da zan yi wa mutumin nan babu mai kama ni, don bakinsa ya riga ya mutu a wurin mutane.

Na gyara murya, na yi fuskar tausayi. Na ce, “Inna, abin da kike tsoro shi ne a ciki. Takardar nan ba ta likita ba ce, ta yari ce. An rubuta cewa haukansa ba ya jin magani, a kulle shi har ya mutu.” Ta ɗora hannu a ka. Ta ce to yaya za ta yi? Na ce ta bar takardar a wurina in ɓatar da ita, ta koma da shi gida tun kafin a tambaya. Na ce, “Kuma kada ki bari ya riƙa fita, hukuma za ta ji labari. Ki sa a yi masa turu.” Ga wanda bai sani ba cikinku, turu gungumen icce ne da ake hudawa, a zura ƙafar mutum, a gicciya ƙarfe yadda ba za ta fita ba. Ta yi mini godiya har da hawaye. Ta ba ni ɗan ƙullin daddawa, na karɓa.

Da wata biyu suka wuce, na kasa haƙuri, sai na hau jakin haya na tafi Kebbe takanas don in gani da idona. Na ce wa Ige na zo duba mai jiki ne. Ta rasa inda za ta sa ni don murna, ta kai ni wata bukka a bayan gida kusa da turken awaki. Yana zaune a ƙasa, ƙafar dama cikin gungumen ƙirya, ƙuda na bin idon sawun. Da ta tafi kawo mini ruwa, na tsuguna dab da kunnensa na ce, “Bawa, ka tuna dabaibayi? Ni yini ɗaya na yi. Kai kuwa sai dai a fitar da kai a makara.” Hawaye kawai na ga suna bin gemunsa. Na sha ruwana, na yi sallama, na dawo gida ina waƙa a kan jaki.

Wanda ya yi wannan ya kwana lafiya, me kuma zai ji tsoro? Na sassaƙa hatimi da dugadugan tsohon takalmi, na fara rubuta takardun ƙarya da sunan hukuma. Na ƙarshe shi ne na je wata ruga wajen Jabo da kaki na aro, na nuna wa Ardo takarda wai an ce a tafi da bijimai biyu a duba su saboda ciwon bushiya. Na kora su na sayar. Ban san Bafulatani yana gane sansa ko a cikin dubu ba. Kasuwa biyu aka yi ya gan su a hannun mahauci, mahauci ya nuna ni. Alƙali bai ɓata lokaci ba, ya ba ni shekara uku, aka tafi da ni gidan yari a birni.

Shekarar farko na yi ta da taurin kai. A ta biyu abin ya same ni. Barci ya ƙaurace mini, abinci ya koma kamar ƙasa a bakina. Sai in riƙa jin ƙarar ana jan gungume a bayana, in waiwaya babu kowa. Na daina wanka, na daina magana, ina wuni ina kallon bango, ina jin da ma in mutu in huta. 'Yan ɗakinmu suka fara matsawa nesa da ni suna cewa Malam ya taɓu. Na san abin da ke biyo bayan wannan kalma, ni da na taɓa amfani da ita, don haka tsoro ya ƙara rufe ni.

Wani tsohon gandiroba ne ya cece ni, Allah ya jiƙansa. Maimakon ya sa mini kulki, sai ya kai sunana gaban likitan da yake zuwa duba fursuna. Likitan ya zaunar da ni a kan benci. Ya tambaye ni yaushe na daina barci, me nake ji, me nake tunani, kuma duk abin da na faɗa bai yi dariya ba. Ya ce mini wannan ciwo ne kamar sauran ciwo, yana da magani, ba ni ne farkon wanda ya gani ba. Ya rubuta mini ƙwayoyi, ya ce gandiroba ya riƙa tsayawa sai na haɗiye, kuma duk zuwansa sai ya kira ni mun yi magana. Ba dare ɗaya na warke ba. Amma kafin kaka ta zagayo na koma cin abinci, ƙarar nan ta ɗauke, na koma salla.

Da hankalina ya dawo, sai na fara tunanin Bawa. Ni ɓarawo, maƙaryaci, an zaunar da ni a benci an yi mini magani. Bawa da bai ci na kowa ba yana can kusa da awaki. Ranar nan na faɗa wa likitan komai, ban rage ba. Na tambaye shi, da an kawo mutumin a lokacin, da ya warke? Ya ce shi ba Allah ba ne, amma ya ga da yawa masu irin wannan sun koma gonakinsu. Ya ce ko yanzu a kawo shi, in yana da rai. Da ranar fitata ta zo ya ba ni takarda a rufe. Ya ce, “Wannan ba ta karantawa ba ce. Kai ta kawai, da mutumin.”

Ban biya gida ba, Kebbe na wuce. Na nemi mai unguwa na roƙe shi ya raka ni gidan Ige, don na san in ni kaɗai ne ba lalle in fito da ƙafafuna ba. A tsakar gida, gaban maƙwabta, na durƙusa na faɗi abin da takardar farko ta ce da abin da ni na ce ta ce. Samari suka yo kaina da taɓare, mai unguwa ya shiga tsakani. Ige ba ta tashi daga inda take ba. Ta tsufa ƙwarai. Ta ce, “Ya gaya mani ɓarawo ne kai, nic ce mai shi yi shiru. Da hannuna nir riƙe ƙafatai anka sa ta cikin iccen ga. Shekara fuɗu ina kai mai tuwo nan ina cewa ceto nai niy yi.” Ta dube ni ta ce, “Allah ya isa tsakanina da kai.”

Aka kira maƙeri ya cire ƙarfen. Ƙafar ta shanye, ta koma kamar sandar makiyayi, ba ta ɗaukarsa. A kan jaki muka kai shi Tambuwal, ina riƙe da shi ta gefe ɗaya, daga nan muka shiga mota zuwa Sakkwato. Ya yi watanni a asibiti. Ni na yi ta dako a bakin kasuwar birni ina kai masa abinci, ina ajiyewa a hannun ma'aikata don kada ya ga fuskata. Bawa ya warke. Ya koma gida da hankalinsa garau, yana zuwa karɓar magani a kan lokaci, har ya sake yin aure ya koma fataucinsa. Ƙafar ce dai likita ya ce an makara.

To ku saurara, samari. Kada ku raina ƙaramar sata, ni da sabulu na fara. Kada kuma ku yi kiwon gaba a zuciya, don ranar da dama ta zo ba za ku tsaya inda aka yi muku ba, sai kun ninka. Amma babban abin da ya sa na tara ku shi ne wannan. Idan ɗan'uwanku ya daina ci, ya daina barci, ya janye daga mutane, ko yana jin abin da ba ku ji, ku yi masa addu'a kuma ku kai shi asibiti da wuri. Kada ku ɓoye shi a bayan gida don kunyar maƙwabta. Kada ku ɗaure shi. Abin da ba ku gane ba ku koma ku tambayi likitan da kansa, ba wani mai zaman gindin bishiya ba. Kuma in ya yi magana ku saurare shi, ciwo bai mayar da shi maƙaryaci ba. In kuwa kai ne kake jin abin a ranka, buɗe baki ka faɗa. Ni na sha maganin nan, ga ni zaune a gabanku, ban ji kunyar faɗa ba. Har gobe idan na ji an ce wani gida suna da mutum a ɗaure, fushi nake yi, sai na je, ko za a zage ni.

Bayan Bawa ya koma gida da shekara guda, na tattara ƙarfin hali na same shi a rumfar 'yan hatsi. Na cire takalmi, na durƙusa, na ce ya yafe mini don Allah. Ya ajiye mudun da ke hannunsa ya dube ni da idon mai cikakken hankali. Ya ce, “Hula ɗaya ta, kuma abin da niy yi maka ya wuce kima, na sani. Wanga na roƙi Allah gafara a kai. Lafiyata kuwa Allah ya maido mani ita, na gode mai. Amma shekara fuɗu, da ƙafata, da hawayen Yaya da tar rasu tana ganin laifin kanta, ban yafe ba. Tashi ka ba ni wuri, mu haɗu can.”

Ya rayu shekaru masu yawa bayan wannan. Duk ranar kasuwa sai ya wuce ta gabana a kan jaki, ƙafar tana reto, in miƙe in gaishe shi, bai taɓa amsawa ba. Da ya rasu na je jana'iza na tsaya a sahun baya. Ina ta istigfari, ina fatan rahamar Ubangiji, amma na san akwai mai jirana da magana, kuma a can babu wanda zai ce masa ya yi shiru.